Naman kazan birnin Kano: kundin aikin damina kan dangin Agaricaceae

14 ga Yuni, 2025

Aikin da na ɗaura wa ɗamara a daminar bana shi ne bin naman kazan da ke tsirowa a cikin birnin Kano da bakin gari, in ware waɗanda ke cikin dangin da masana ke kira Agaricaceae, in rubuta kamanninsu da Hausa, da hoto da awo, yadda ɗan sakandare zai karanta ya fita waje ya gane abin da idonsa. Bayoloji nake koyarwa. Duk shekara idan muka iso darasin funfuna da yis da naman kaza, hoton da ke littafi na wanda ke fitowa a dazukan Turai ne, yaro bai taɓa ganinsa ba. Ga namu kuwa a bayan aji, kan juji, ya fito da asuba ya yanƙwane kafin la'asar, babu mai duƙawa ya dube shi. Ko binciken da aka yi a Najeriya, wanda ya fi shahara na Kudu ne, irin aikin Zoberi na 1972 da na Oso na 1975 a ƙasar Yarabawa. Can kurmi ne mai danshi. Mu nan yashi ne da jigawa, ruwanmu na wata huɗu ne.

Abincin dangin ne ya sa na zaɓe shi. Akwai naman kazan da ba ya rayuwa sai ya sarƙe da saiwar itace mai rai, kamar yawancin jinsin Amanita, shi wannan sai daji. 'Yan Agaricaceae kuwa matacce suke ci: kashin dabbobi, busasshiyar ciyawa, ruɓaɓɓen ganye, dusar katako. Garin da kowane lungu akwai turken tumaki, ga bargar dawaki, ga 'yan katako, ba zai rasa su ba. A makon jiya aka yi Babbar Sallah, takin ragunan layya yana nan tsibi-tsibi a kan jujjai, ruwa kawai yake jira.

Ga abin da zan riƙa dubawa. Hular yawanci tana da ɓawo-ɓawo ko gari-gari a samanta. A ƙarƙashinta akwai siraran faifai jere daga tsakiya zuwa baki, waɗanda zan riƙa kira haƙarƙari, kuma a wannan dangi ba sa manne wa kara, akwai 'yar tazara da ta kewaye shi. A wuyan karan akwai zobe, ragowar mayafin da ya lulluɓe haƙarƙarin tun abin yana ƙarami. In ka murɗa karan a hankali yakan rabu da hula tsaf bai yaga ta ba. Gindinsa ba ya zaune cikin jaka, wannan kuwa ita ce babbar alamar da ta raba shi da Amanita.

Kayan aiki ba su da yawa: wuƙa, ma'auni, waya, tsohuwar jarida ta naɗewa, farar takarda da baƙa, da ƙaramin kwano. Ban da leda, don tana dafa shi kafin a iso gida.

28 ga Yuni

Ruwa bai zauna ba tukuna, ƙasa na shanye shi nan take. Na yi amfani da wannan jira na tsara babin rabe-rabe, wanda shi ne ya fi ba ɗalibai wuya.

Matakan su ne: babban rukuni, Agaricales, wanda ya tattara yawancin masu haƙarƙari, a cikinsa dangogi, a cikin dangi jinsi, a cikin jinsi nau'i. Linnaeus, mutumin Suwidin, a 1753 ya zuba kusan duk mai haƙarƙari cikin jinsi guda, Agaricus. Ɗan ƙasarsu Elias Fries ya zo a 1821 ya kasa wannan taro bisa launin ƙurar irin da ke zubowa daga haƙarƙari: masu fara, masu ruwan hoda, masu ruwan ƙasa, masu duhu. Sunan dangin Bafaranshe ne ya raɗa shi, Chevallier, a 1826. A 1871 Bajamushe Paul Kummer ya ɗaga da yawa daga ƙananan rukunan Fries suka zama jinsi masu zaman kansu.

Tsarin Fries ya daɗe yana aiki, kuma har gobe da shi ake fara gane abu a fili. Amma tun da aka shiga gwada DNA, wato sinadarin gado na halitta, a shekarun 1990, sai ga shi wannan dangi bai tsaya a launi ɗaya ba. Agaricus ƙurarsa ruwan cakulan ce, Lepiota da Macrolepiota da Leucocoprinus fara, wani nau'in Chlorophyllum kore, Coprinus baƙa, kuma duk asalinsu ɗaya. Har waɗanda ba su da haƙarƙari ko kaɗan, dunƙulallun nan masu fesa ƙura in an taka su, sai da aka shigo da su ciki. Ƙidayar da aka buga a 2008 ta ba dangin jinsi 85 da nau'i kimanin 1340. Bayan nan wasu masana sun sake fitar da dunƙulallun zuwa nasu dangin, Lycoperdaceae.

Ba na son yara su haddace waɗannan sunaye kamar abin da aka gama aka rufe. Ina son su ga cewa aiki ne da ake kan yi, kuma akwai gurbin ƙasarsu a ciki wanda ba a cike ba.

11 ga Yuli

Na farko ya samu, kuma ba a juji ba. A wajen masu sayar da furanni na bakin titi a Nassarawa na gan shi, cikin baƙar ledar da suke rainon shuka, rawaya shar tun daga hula har gindi. Leucocoprinus birnbaumii ke nan. Faɗin hular bai kai santimita 5 ba, tana da gari-gari mai kama yatsa, bakinta da zane-zane sirara, zoben kuma ɗan mitsitsi ne, taɓawa kaɗan ya faɗi. Duk da rawayar jikinsa, ƙurar da ya zubar a kan baƙar takarda fara ce. Ɗan ƙasashen zafi ne, amma sunan nan nasa na birnbaumii ya samo asali ne a 1839 daga wani ɗakin rainon shuke-shuke a birnin Prague, inda ya bi ƙasar tukwane ya je.

Yaron da ke ban ruwa ya ce, "Malam, kullum sai mun tsige shi, kar ya kashe mana fure." Na ce masa ba ya taɓa shuka mai rai, ruɓaɓɓen takin da ke cikin ledar yake ci, ya bar shi. Ci ne kawai ba a yi, yana ɓata ciki.

24 ga Yuli

Tumukun suri. Wannan tun muna yara mun san shi, muna fasa shi muna shafa wa juna baƙin garinsa, ban taɓa jin wanda ya lissafa shi cikin naman kaza ba. Podaxis pistillaris ne sunansa a wajen masana, kuma ɗan wannan dangi ne.

Na fara da Kasuwar Kurmi, layin masu maganin gargajiya. Wani dattijo ya zaro min busassu daga cikin wani tsohon kwando.

"Baba, daga ina ake kawo muku shi?"

"Daga ƙauye, ɗana. Ka bi inda suri yake bayan ruwa ya sauka, ko fako mai yashi, za ka gan shi a tsaye."

Ya ce ana barbaɗa garin a kan ƙuna da gyambo. Na rubuta maganarsa a shafin abin da mutane ke faɗa, wanda na ware daban da shafin abin da aka auna.

Na bi kwatancensa, na fita ta titin Gwarzo bayan Rijiyar Zaki, inda gine-gine ba su gama cinye gonaki ba, na same shi ɗanye. Tsawonsa ya kai santimita 15, kai mai siffar dogon ƙwai a kan kara mai tauri, jiki fari da ɓawo mai saɓulewa. Na tsaga ƙarami gida biyu daga sama zuwa ƙasa. Karan bai tsaya a ƙarƙashin kai ba, ya ratsa ta tsakiya har ƙololuwa, kuma abin da ke kewaye da shi fari ne mai laushi, a murɗe a cukurkuɗe. Wannan cukurkuɗaɗɗen abu shi ne haƙarƙarin da bai miƙe ba. A wanda ya manyanta ya koma rawaya-rawaya, a tsoho ya zama gari baƙi mai ɗan ja.

Dalilin wannan siffa shi ne ya fi burge ni a duk abin da na karanta bana. Naman kaza mai buɗe hula harba irinsa yake yi daga jikin haƙarƙari, kuma harbin ba ya yiwuwa sai ɗan ɗigon ruwa ya taru a gindin kowace ƙwayar iri. Wato sai iska na da danshi. A ƙasar da rana ke busar da komai kafin hantsi, buɗe hula asara ce. Tumukun suri sai ya bar hularsa a rufe, irin ya nuna a ciki, kowace ƙwaya da kauri a bangonta, sai ɓawon ya tsage daga ƙasa iska ta kwashe. Shi ya sa ake samunsa a busassun ƙasashe tun daga nan har Indiya da Ostareliya. Linnaeus ya bayyana shi a 1771 daga samfurin Indiya, ya sa shi cikin dunƙulallun masu fesa ƙura, kuma a can gefen ya zauna shekara da shekaru har DNA ta nuna danginsa na gaskiya. Bincike na baya-bayan nan ya nuna sunan nan guda ya lulluɓe nau'o'i da yawa, wasu na fili, wasu na jikin surin garar da ke yankar ciyawa. Saboda haka duk wanda na tsinta ina rubuta ko a kan suri yake ko a fako, kuma ina ajiye su daban.

A littafin da nake shiryawa, da shi zan buɗe. Yaro ya riga ya san shi.

6 ga Agusta

Ruwa ya kankama, marka ta sauka. Wani abokina da ke aiki a wani gida mai shimfiɗaɗɗiyar ciyawa a Bompai ya kira ni da sassafe ya ce in zo in ga abin mamaki. Na tarar da su sun yi da'ira a tsakiyar ciyawar, manya-manya, farare. Da'irar ba aikin aljanu ba ce kamar yadda mai gadin gidan ya ɗauka. Ainihin halittar zare-zare ce a cikin ƙasa, tana faɗaɗa daga tsakiya zuwa waje tana cin abin da ta tarar, hulunan kuma suna ɓullowa a bakin inda ta kai.

Mafi girma a cikinsu faɗin hularsa ya haura santimita 20. Fara ce, da ɓawo ruwan ƙasa a tsakiya wanda ya farfashe ya watsu zuwa baki. Karan santsi gare shi, gindi ya ɗan kumbura, babu jaka. Zoben mai kauri ne, mai baki biyu, har yana zamewa sama da ƙasa in ka tura shi. Da na yanka naman, ya ɗan yi ja-ja a wurin yankan. Ƙamshinsa mai daɗi ne, kuma wannan yana cikin abin da ke ruɗar mutane.

Mai kula da lambun, dattijo ne daga wata jiha ta tsakiyar ƙasar nan, ya riga ya cika roba da ƙananan. Ya ce a garinsu suna cin irinsa, miya ake yi.

Na ce, "Baba, don Allah ka ba ni zuwa gobe kafin ka ɗora tukunya."

Na yanke hular babba daga kara, na kifa ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, na ɗiga ruwa kaɗan a samanta, na rufe da kwano. Da safe na ɗaga. Tambarin haƙarƙarin ya fito layi-layi, kore mai toka-toka, a fili a kan farin ɓangaren. Chlorophyllum molybdites ne. Na koma da takardar na nuna masa, na kuma juya masa wani tsoho da ya kwana a ciyawa ya ga haƙarƙarin ya rine ya zama kore-kore. Ya daɗe yana kallo, sannan ya je ya juye robar a rami.

Baban bai yi ƙarya ba. Akwai manyan masu laima da ake ci, jinsin Macrolepiota, 'yan wannan dangin ne su ma, kuma a ido kusan abu ɗaya ne, sai dai ƙurarsu fara ce. Kama da wane ba ta wane. Abin da ya ƙara wa lamarin haɗari shi ne ƙananan, waɗanda mai miya ya fi so, haƙarƙarinsu fari ne tas, koren ba ya bayyana sai iri ya nuna. Na gwada kifa hular ƙarami, takardar ta tashi babu komai. Wanda ya ci, cikin awa ɗaya zuwa uku zai fara amai da gudawa mai tsanani, wani lokaci har da jini. Babba mai ƙarfi yakan tashi bayan kwana ɗaya ko biyu, amma ƙaramin yaro ko tsoho ruwan jikinsa na iya ƙarewa. A Amurka shi ne naman kazan da ya fi kowanne kai mutane asibiti, don a ciyawar ƙofar gida yake fitowa. An fara bayyana shi a 1818 daga Kudancin Amurka, masanin Ingila George Massee kuma ya ba shi jinsinsa a 1898. A 2002 Else Vellinga ta dawo da wasu masu farar ƙura cikin jinsin nan na Chlorophyllum, don DNA ta nuna sun fi kusa da mai koren fiye da Macrolepiota da ake lissafa su a ciki. Wato a jinsi guda ma akwai na ci akwai na cuta.

Yawancin Kanawa ba sa cin naman kaza, wasu na ƙyamarsa ma. Amma Kano gari ne na baƙi, kuma wanda ya saba ci a garinsu shi ne ya fi shiga haɗari a nan, don idonsa ya saba da na wata ƙasa.

9 ga Agusta

Busarwa ta zama matsala. Iska ta jiƙe, abin da aka shanya a inuwa tsutsa ke riga ni. Na sami akwatin kwali, na huda shi sama da ƙasa, na shimfiɗa ragar sauro a tsakiya, na sa ƙwan lantarki mai zafi a ƙasa. Zafin da ake so kimanin digiri 40 ne, in ya wuce haka sosai yana lalata abin da za a gwada daga baya. Idan wuta ta ɗauke sai in mayar da su cikin robar da ke rufuwa ruf, tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi. Manyan sai an yanka su falle-falle.

18 ga Agusta

Bayan wata bargar dawaki a cikin gari, kan tsohon taki da ya haɗu da ciyawa, na sami Agaricus. Wannan jinsi shi ne uban gidan, da sunansa aka kira dangin, kuma gane shi ba wuya: haƙarƙarin ƙarami ruwan hoda ne, yana girma yana duhu har ya koma ruwan cakulan, tambarinsa ma haka. Gane nau'in ne aiki. Jinsin na da ɗaruruwan nau'o'i, na ƙasashen zafi da yawa ba a gama ba su suna ba, saboda haka a katin wannan na tsaya a sunan jinsi.

Gwaji biyu nake yi wa kowane Agaricus tun a wurin. In kankare gindin kara da farce in ga ko zai rine, sannan in shinshina. Akwai wani reshe na jinsin, su Agaricus xanthodermus, da gindinsu ke komawa rawaya nan take, suna warin tawada ko maganin wanke asibiti, kuma suna ɓata ciki ƙwarai. Na bargar nan bai yi rawaya ba, ya ɗan yi ja a hankali.

Na kai shi ɗakin gwaji na makaranta tare da ƙurar mai koren. A madubin ƙara girma, irin Chlorophyllum mai siffar ƙwai ne, tsawonsa wajen maikiron 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, bango mai kauri, ƙarshensa a datse inda zai tsiro. Masana na ɗiga wa iri wani ruwan aidin da ake kira na Melzer, wanda a yawancin masu farar ƙura na dangin nan yake mayar da shi ja mai duhu. Shi yana da wuyar samu. Na yi amfani da aidin ɗin da muke gwada sitaci da shi, ya nuna canjin, ko da yake ba kai da kai ba ne da na ainihi, kuma na rubuta hakan a katin.

Na sayo gwangwanin naman kaza a kanti don ɗalibai su kwatanta. Wanda ke ciki Agaricus bisporus ne, wanda aka fara nomawa a Faransa, har masanin tsirrai Tournefort ya rubuta yadda ake nomansa da takin doki a 1707. Farin ƙarami da mai ruwan ƙasa da babban mai faɗi da ake gani a hotunan girki duk nau'i ɗaya ne. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ashe abin da ake sayarwa da tsada ɗan'uwan na bayan barga ne." Ɗan'uwansa ne, kuma a kan irin takin nan aka fara rainonsa.

27 ga Agusta

Kututturen darbejiya da aka sare a unguwarmu ya cika da wasu ƙanana masu toka-toka, gungu guda, kafin azahar sun narke sun zama baƙin ruwa. A tsofaffin littattafai duk masu narkewa Coprinus ne. A 2001 aka raba su: kaɗan, su Coprinus comatus, suka zauna a Agaricaceae, mafi yawa aka kai su dangin Psathyrellaceae ƙarƙashin sunaye uku, Coprinellus da Coprinopsis da Parasola. Na kututturen nan cikin waɗanda aka fitar suke. Na ɗauki hoto, na sa su a babin maƙwabta.

3 ga Satumba

Wani ɗalibina da iyayensa ke Doguwa, can kudancin jiha wajen dajin Falgore, ya dawo daga gida da wani abu naɗe a jarida. Hula mai tsini a tsakiya, tsini mai tauri, kara kuma ya zarce ƙasa ya zama doguwar jijiya siririya wadda ta fi tsawon hannunsa daga gwiwa, duk da ta tsinke wajen haƙa. Ya ce a gindin suri ya tono shi.

Termitomyces ne, kuma ba ɗan danginmu ba ne, na Lyophyllaceae ne. Sai na tsaya a kansa don ya zo daidai da tumukun suri, kada yara su haɗa su saboda duka biyun suri ne mazauninsu. Wannan gara ce ke nomansa da gangan. Tana tauna itace da ciyawa, ta gina wani abu mai ramuka-ramuka a can cikin suri, zaren naman kazan ya bi ya narkar da shi, ita kuma ta ci. Doguwar jijiyar nan daga wannan gona ta taso, tsinin hular kuma da shi ya huda ƙasa ya fito. Ƙurarsa fara ce mai ɗan ruwan hoda. Bafaranshe Roger Heim ne ya kafa jinsin a 1942, kuma a cikinsa akwai Termitomyces titanicus na Zambiya, wanda aka bayyana a 1980, mai hular da ke kaiwa mita guda.

Abin sha'awa, dangin da nake bi shi ma yana da manomansa, amma a wata nahiya. Tururuwar nan mai yankar ganye ta Kudancin Amurka, jinsin Atta da Acromyrmex, ɗan Agaricaceae take nomawa a ramukanta. Ikon Allah, ƙwari biyu da ba su haɗa komai ba, kowanne da gonarsa.

15 ga Satumba

A gindin wata katanga mai inuwa, cikin ruɓaɓɓen ganyen mangwaro, na sami ƙananan farare masu ɓawo ja-ja a tsakiyar hula, faɗinsu bai wuce santimita 3 ba, ƙura fara. Cikin Lepiota ko Leucoagaricus suke. Waɗannan ƙananan su ne na fi jin tsoro a duk dangin. Wasu nau'o'in Lepiota, irin su Lepiota brunneoincarnata, suna ɗauke da dafi iri ɗaya da na Amanita phalloides, wanda ya fi kowane naman kaza kisa a duniya. Shi wannan dafi ba ya nuna kansa da wuri. Sai an yi awa shida zuwa ashirin da huɗu amai da gudawa su fara, su lafa, mutum ya ɗauka ya warke, alhali hanta ce ke lalacewa. Dafuwa ba ta kashe shi, shanya ma haka.

Wannan ya sa na yanke shawara kan wani abu da na daɗe ina juyawa. Littafin ba zai ɗauki layin da ke cewa wannan ana ci ba. Zai faɗi wanda aka tabbatar yana cutarwa, ya faɗi wanda ake nomawa ana sayarwa, ya tsaya nan. Sanin dangi yana gaya maka asalin abu da yadda yake rayuwa, ba ya gaya maka ko za ka sa shi a baki. Zan kuma rubuta ƙarara cewa ganin tsutsa ko akuya ta ci ba hujja ba ne, cokali bai yi baƙi a tukunya ba shi ma ba hujja ba ne. Wanda ya ci ya ji ba daidai ba, a kai shi asibiti nan take tare da ragowar abin da ya ci, ɗanye ko dafaffe. Manja da madara da ake ɗura wa mutum ba sa karya wannan dafi, lokaci kawai suke ci.

Malamin addini na makarantarmu ya tsayar da ni yau, ya ce, "Malam, wannan da kake tarawa shi ne kam'a da ya zo a hadisi, wanda ruwansa ke maganin ido?" Tambaya ce mai muhimmanci, don kada wani ya matsa na juji a idonsa. Kam'a dunƙule ne da ke girma a cikin ƙasa a hamadar Larabawa da Arewacin Afirka, jinsin Terfezia da Tirmania, ba hula ba kara ba haƙarƙari, yana rayuwa a jikin saiwar wasu ƙananan tsirran hamada. Ba ma cikin babban rukunin masu hula yake ba, balle wannan dangi. Ya ce zai faɗa wa ɗalibansa, ni ma na ƙara shafi a kai.

4 ga Oktoba

Ruwa ya ja baya, jujjai sun bushe, tumukun suri kaɗai ya rage a tsaye a fako. Inda aiki ya tsaya: Podaxis, Chlorophyllum molybdites da Leucocoprinus birnbaumii sun sami cikakken shafi, da hoto da awo da tambarin iri. Agaricus na barga da ƙananan gindin katanga suna matakin jinsi. Kowane busasshen samfuri yana cikin ambulan ɗinsa, da kwanan wata da unguwa da abin da ya tsiro a kai. Na fesa wa takardun tambarin man gyaran gashi mai ƙamewa don kada ƙurar ta goge.

Abin da ke gaba shi ne in kai kashi ɗaya na samfuran sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Bayero, in nemi shawarar malamai kan ajiya da kuma hanyar gwada DNA na Agaricus ɗin da tumukun suri na suri da na fako. A cikin rani zan riƙa leƙa lambunan ban ruwa da wajen masu furanni, da tarin dusar katako a Na'ibawa inda ruwa ke kwanciya. Ɗaliban aji biyar sun karɓi aikin zana haƙarƙari da zobe da hannu, don hoton waya ba ya fitar da tazarar da ke tsakanin haƙarƙari da kara yadda ya kamata. Zanen farko zai shigo bayan hutun tsakiyar zango.